Kwafi na Uku

An yi wani mutum a nan Minna, ba zan kama sunansa ba. Yana da shagon tura waƙoƙi a waya a Fadikpe. Amininsa mai suna Jiya mawaƙi ne, shekara biyu yana haɗa waƙoƙinsa a situdiyon wani mai suna Gideon. Da aka gama, Jiya ya ba mutum uku kwafi su saurara kafin ranar fitarwa. Mutumin nan shi ne na uku.

Ya 'yan uwa, me ake kiran wannan in ba amana ba?

Kwaɗayi ya ja shi. Ya yanke farkon waƙoƙin, inda ake ambaton sunan situdiyo, ya canza musu suna, ya sayar wa sauran masu turi. A ganinsa ya ɓad da sawu. Kafin mako ya zagayo, muryar Jiya na tashi a cikin Keke Napep daga Tudun Fulani har Beji, mai waƙa ko sisi bai gani ba.

Bai tsaya nan ba. Don ya ɗora wa wani laifin, ya je ya ce wa Jiya, "Wa ke riƙe da na'ura in ba Gideon ba?" Mawaƙa suka fara janye aikinsu daga hannun bawan Allah.

Ƙungiyar mawaƙa ta kira zama. Gideon ya ajiye kwamfuta a kan tebur, ya ce, "Kowane kwafi na ɓoye lambar mai shi a cikin sautin. Kunne ba ya jin ta, yanka ba ya cire ta. Wanda ya yi ya faɗa yanzu, in rufe kwamfuta, magana ta mutu."

Zuciyar mutumin nan ta ce ya faɗa, girman kai ya ce barazana ce kawai. Ya ɗaga yatsa, ya rantse da Allah ba shi ba ne.

Gideon ya buɗe waƙar da ke yawo a gari, ya danna. Lamba uku ta fito.

Jiya bai zage shi ba. Ya ce, "Da ƙafata na kai maka har shago." Ya tashi ya fita.

Aka kai ƙara, aka kwashe kayan shagon, aka garƙame ƙofa. Yau mutumin nan ko ruwa ya ce ana yi, sai an leƙa waje.

Ya 'yan uwa, sata ce, ko da ba a fasa ƙofar kowa ba. An buɗe masa hanyar tuba, ya toshe ta da rantsuwar ƙarya. In na'urar ɗan Adam ta iya tona shi, ina ga ranar da hannuwa za su yi magana?

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya ba mu ikon tuba tun da sauran dama. Amin.