Farantan Tungar Maje

Ku matso, ga wata nan ku warware mini.

A zamanin da jiniyar masaƙa ke tashin birni daga barci, akwai abokai uku a sashen haɗa ruwan da ke faranta yadi: Ilu, Barmo da Tankari. Aikinsu shi ne shafen farantan ƙarfen taitaniyam, waɗanda in aka tsoma su a ruwan gishiri aka ba su lantarki sai su fitar da kulorin, sinadarin da ke faranta yadi, yake kuma kashe ƙwayoyin cuta a ruwan sha. Ƙarfen tsirara ba ya aikin. Sai an shafa masa ruwan wani ma'adini mai wuyar samu, a gasa, ruwan ya ƙone ya bar baƙin rufi. Har tsufansa, Ilu in ya tuna shekarun nan, kekuna yake gani jere a bakin ƙofa, da su ukun a kan akushi ɗaya, Tankari na cinye naman.

Masaƙa ta mutu, suka koma garinsu, Tungar Maje. Ilu da Barmo suka kama noma, Tankari ya gina tandar burodi.

Wata damina gulbi ya cinye gada, hanyar birni ta yanke, amai da gudawa ya shigo gari. Injin solar da ke haɗa wa tankin gari kulorin kuwa ya tsaya, don rufin farantansa ya zaizaye. Hakimi ya aika a kira tsofaffin nan uku.

Ilu ya fara. Ya goge farantan da yashi, ya dafa su a asid har fuskarsu ta yi kaushi, domin rufi ba ya kama ƙarfe mai santsi, kuma maiƙon yatsa ɗaya ya isa ya ɓata aikin. Safar hannunsa ta tsufa, ta yage a tsakiyar aiki, asid ya kama cin yatsunsa. Bai tsaya ba.

"Kai Ilu, wankan jego kake yi wa ƙarfen?" in ji Tankari.

"Je ka hura wutarka, acici," in ji Ilu. Daga ranar yatsunsa ba su ƙara riƙe fartanya daidai ba.

Barmo ya tono wata kwalba ta ruwan ma'adinin nan daga ƙarƙashin rumbunsa. Ranar da aka rufe masaƙa an ce ya zubar, ya ƙi. Ya riƙa shafawa siriri, a shanya, a gasa, a dawo masa ya sake, haka dai ba iyaka. Jama'a suka cika ƙofar gidansa, ana wucewa da makara ta bayansu.

"Baba Barmo, lafta masa gaba ɗaya mana! Kwalli kake sa wa amarya?" in ji wani daga cikinsu.

"In na lafta, zai tsattsage kamar ƙasan tafki da rani," in ji Barmo. Jikarsa na cikin waɗanda ke kwance, kuma kwalbar ba ta da ta biyu. Hannunsa bai yi sauri ba.

Tankari ya share tandarsa, yana sane da cewa bayan wannan hayaƙi ba mai sake cin burodinta. Wuta in ta gaza, shafen ya zauna ɗanye, ruwa ya wanke shi. In ta zarce, ƙarfen ya yi ɓawo ta ƙasa ya tare lantarki. Ma'aunin zafi ya tafi da masaƙa, sai ya ajiye guntun ƙarfen tutiya da na alminiyam a cikin tanda: tutiya ta narke, alminiyam kada ya motsa. A tsakanin nan ya riƙe wutar har aka gama.

Aka mayar da farantan, ruwan gishiri ya fara kumfa, aka zuba a tanki. Makara ta koma jingine a bangon masallaci. Jikar Barmo ma ta tashi.

Da kaka ta yi, Hakimi ya fito da rawanin Sarkin Ruwa, ya ce a naɗa wa wanda ya ceci gari. Ilu ya dubi abokansa, ya ga kowa ƙasa yake kallo, ba wanda ya ce a ba ɗan'uwansa. Shi ma bai ce ba. Tuwo na rabuwa uku, rawani kuwa ba a yanka shi.

To, ku da kuke shan ruwan nan, kan wa ya dace a naɗa: mai wanki, mai shafe, ko mai wuta?