Muryar da Ta Shiga Bidiyon Malam A-Sake

Akwai wani malamin lissafi da ɗalibansa suka laƙaba wa suna Malam A-Sake. In ka kai masa aiki, ko kallo biyu ba zai yi ba zai ce, "A sake." Shi kansa bai tsira daga wannan hali ba. Mutum ne mai ƙwazo, wannan ba na musu, sai dai ƙwazon nasa kan gaji da kowa a gida.

Makarantar da yake koyarwa ta buɗe darussa ta intanet, aka ce duk mai so ya turo darasin gwaji na bidiyo kafin a tashi aiki ranar da aka tsayar. Tun daga nan Malam ya kasa zaune ya kasa tsaye.

Ya shirya shafukan da zai haska a fuskar kwamfuta, ya canza musu launi, ya mayar, ya sake canzawa. Ya rubuta jawabinsa ya haddace. Ya sayo makirufo mai jin tsiya, wanda ko haɗiyar yawu ka yi sai ya ɗauka. Daga nan gidan ya shiga uku. Kada a yi wanke-wanke, kada a ja kujera, kada 'yan biyunsa su yi dariya.

Mahaifiyarsa, Inna, tana zaune tare da su. Ƙafafunta sun yi rauni, likita ya ce kada a bar ta ta tashi ita kaɗai. Ran nan tari ya sarƙe ta yana tsakiyar ɗauka, ya fito a fusace.

"Haba Inna! Saura kaɗan in gama fa, kin ɓata min."

"Yi haƙuri, Auta. Ba zan ƙara ba."

Da safiyar ranar ƙarshe ya ce wa matarsa ta kwashe yaran ta tafi gidan yayarta. Maman Biyu ta tsaya a bakin ƙofa, jaka a kafaɗa, hankalinta bai kwanta ba.

"Inna fa, Malam?"

"Ba ga ni ba? Ko ni ba mutum ba ne?"

"Ka riƙa leƙa ta, don Allah. In ta so zagayawa ba za ta iya jira ba."

"Na ji, na ji. Ku tafi, rana na yi."

Suna fita ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Ya rataya bargo a taga, ya toshe ƙasan ƙofa da tawul, ya kashe fanka saboda ƙararta, ya kashe waya. Ya ce a ransa da zarar ya gama ɗaukar farko zai leƙa Inna.

Ɗaukar farko harshensa ya harɗe. Ta gaba ya danna shafi kafin lokacinsa. Ta bayanta ya hango alamar ragewa a inda ya kamata a ga ta tarawa, ya koma ya gyara. Gumi ya jiƙa rigarsa, ya canza wata, sai ya ga launinta bai dace da na shafukan ba. Yana zaune ƙafarsa na kaɗawa, ido ɗaya a kyamara, ɗaya a agogo. Inna ta faɗo masa a rai, ya ce bari dai ya gama wannan.

Can ya samu wadda ta tafi sumul. Bakinsa bai yi tuntuɓe ba, kowane shafi ya zo a kan gaɓa. Yana tsaka da bayani ya ji kamar wani ɗan motsi daga nesa, ya yi tsaki a zuci, ya ɗauka rediyon maƙwabta ne. Bai tsaya ba har ya kai ƙarshe.

Ya zauna tacewa. Ya toshe kunnuwa da abin sauraro, ya shiga yanke gurare da daidaita hoto, ya daɗe yana fama da rubutun da zai riƙa fitowa a ƙasan bidiyon. Sai da ya koma kan sautin ya lura da wasu 'yan ɗigo-ɗigo a tsakanin maganganunsa, suna zuwa suna ɗaukewa.

"Kai, mutanen nan ba za su bar ni in huta ba," in ji shi.

Ya kama wurin zai goge. Amma halinsa na bin diddigi bai bar shi ba, sai ya ji ko mene ne. Ya ƙure ƙarar.

"Auta..."

Shiru. Sai muryarsa ta cika masa kunne, tana bayanin lissafi cikin isa.

"Auta... in ka gama..."

Muryar Inna ce. Ya dubi lokacin da aka yi ɗaukar, ya dubi agogo. Rana ta riga ta karkata. Ya fizge abin kunnen, ya yi fatali da tawul, ya fita da gudu.

A ƙofar banɗaki ya same ta kwance, ƙafa ɗaya ta lanƙwashe, sandarta ta faɗa inda hannunta ba zai kai ba. Leɓunanta sun bushe. Tana ganinsa ta yi ƙoƙarin gyara mayafinta.

"Inna! Innalillahi! Tun yaushe?"

"An ɗan jima."

"Me ya sa ba ki ƙwala min kira ba? Me ya sa ba ki buga ƙofa da wani abu ba?"

"Na ji kana magana da ɗalibanka. Na ce bari in kira a hankali."

Wallahi, 'yan uwa, da zagi ta yi masa da ya fi masa sauƙi. Ya tallabe ta, ya kira maƙwabcin da ya gama zargi, suka sa ta a mota. A asibiti aka ce ƙashin ƙugu ne ya tsage, za ta daɗe a kwance. Lokacin tura bidiyo ya zo ya wuce yana tsaye a baranda, ko tunawa da shi bai yi ba.

Maman Biyu ta iso a gigice. Ta dube shi, ta ga yadda fuskarsa ta koma, ta wuce ciki.

Da aka bar shi ya shiga, ya durƙusa a gefen gado ya kama hannun Inna. Ya shirya kalaman neman gafara, amma ta riga shi. Ta buɗe ido da ƙyar, ta yi ƙasa da murya kamar har yanzu ana ɗauka.

"Auta, aikin ya yi kyau? Ban dai ɓata maka ba ko?"

Ya kifa kansa a kan hannunta ya fashe da kuka.

Darasi: Ka so aikinka, ka kyautata shi, amma kada ka kai inda mutanen gidanka za su ji tsoron kiranka ko da suna cikin wahala. Ana sake ɗaukar bidiyo, ba a sake uwa. In kana da wani da ya dulmiya cikin aiki har ya manta da na kusa da shi, tura masa wannan labari. Kai ma ajiye wayar ka je ka leƙa naka.