Zabbin Ƙwaryar Barmo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

A wani gari, ranar suna ake zana wa jariri ƙwaryarsa da ƙarfe mai zafi: bishiyar kuka ɗaya, zabbi uku a gindinta. Zabbi ne suka kai kakanninsu bakin ruwa a shekarar fari. Da zanen ake gane ɗan gari.

Sai wani saurayi, Barmo, ya ɗauki tasa ya tafi fatauci birni. A kasuwa wani mahauci ya leƙa ƙwaryar, ya ce, "Baƙauye, kiwon zabbi ka zo yi mana?"

Kunya ta kama Barmo. Sai ya zaro wuƙa. Zabuwar farko ta ce, "Bar ni, ni ce na san hanyar gida."

Ya ce, "Ina da ƙafa." Ya kankare ta.

Ya je neman aure, ƙawayen yarinya suka ga ƙwarya, suka yi ta ƙyaƙyata dariya. Zabuwa ta biyu ta ce, "Bar ni, ni ce na riƙe waƙar garinku."

Ya ce, "Na koyi ta birni." Ya kankare ta.

Da ya yi arziki, fatake suka zo cin tuwo gidansa. Don kada su ga zanen, ya sake zaro wuƙa. Zabuwa ta uku ta ce, "Ni kam sunanka kawai na sani."

Ya ce, "Wa bai san Barmo ba?" Ya kankare ta har da kukar.

Kwana ya ja, tsufa ya zo, sai kewar gida ta taso masa. Ya yi ta ɓata a hanya, da ƙyar ya isa. Sa'o'insa duk sun rasu. Ya tarar da mata a bakin rijiya, ya miƙa ƙwarya. Suka juya ta, suka ga sumul.

Suka ce, "Sannu baƙo, daga ina?"

Ya ce, "Ɗan garin nan ne ni."

"To Baba, yi mana waƙar zabbi."

Ya buɗe baki, ta birni ta fito. Suka ba shi ruwa cikin mutunci, suka kai shi zauren baƙi.

Sai ya nemi mai zanen garin, Ladingo. Ya ce, "'Yata, mayar mini da zabbina."

Ta ɗaga ƙwaryar sama, hasken rana na ratsa ta. Ta ce, "Baba, ka cinye mata jiki. Ba za ta ɗauki wuta ba."

"Ko zabuwa ɗaya."

Wanda ya goge zanen gidansu don a daina yi masa dariya, ranar komawa ba shi da shaida.

Ladingo ta gasa ƙarfe, ta ɗora a hankali. Ƙarfen ya ɓulla ta ɗaya gefen.

Ƙurunƙus, kan zabuwa.