Tsokar da Aka Bar wa Sarkin Ci

Akwai wani bakanike da abokan aikinsa suke kira Sarkin Ci. Idan aka ajiye tiren abincin rana a gareji, kafin ka gama bisimilla ya sure babbar tsoka. Kullum sai an yi kokawa da shi, ana zaginsa yana dariya.

Sai ya yi hatsarin babur, aka yanke masa ƙafar hagu. Da ya warke, ya dawo aiki da sanduna biyu.

Mai garejin, wanda tare suka koyi aiki tun suna yara, ya ja wa kowa kunne kada a ɓata masa rai. Aka sayo masa kujera mai laushi. Aka daina ce masa Sarkin Ci, aka koma "Malam". In ya miƙa hannu zai ɗauki sifana, har an riga shi. In abinci ya zo, sai a tura masa babbar tsoka, kowa ya ci shiru kamar a gidan makoki.

Amma mutumin sai ƙara shiru yake, tsokar ma ya daina taɓawa. Rannan ya aiko cewa ya bar aiki.

Kan mai gareji ya ɗaure. Kujerar ce ba daɗi? Wani ne ya gaya masa magana? Ya titsiye ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rantse bai yi masa komai ba. Da abin ya ishe shi, ya bi shi gida.

"Malam, me muka yi maka?"

"Ba ku yi mini komai ba."

"To me ya sa za ka tafi?"

"Ai shi ne. Tun da na dawo ba wanda ya zage ni, ba wanda ya ba ni aiki. Ƙafa aka yanke mini, ba hannu ba. Ku kuwa kun zauna kuna ta yi mini ta'aziyya da raina."

Mai gareji ya fito bai gama ganewa ba. Shi dai a saninsa alheri ya yi. Yanzu kuma a ce zagi ake nema? Duk da haka ya koma ya roƙe shi ya zo gareji ko sau ɗaya.

Washegari da ya zo, mai gareji ya dire masa injin da ya gagari kowa a kan tebur, ya ce, "Kada ka tashi sai ya tashi."

Da abinci ya zo, mai gareji ya kai hannu ya sure babbar tsoka.

Sai ji ya yi an ƙwala masa sanda a hannu.

"Ajiye, ɓarawo. Da raina za ka gaje ni?"

Darasi: Mai buƙata ta musamman ba lallaɓawa kaɗai yake so ba, wurinsa yake so a cikinmu, da aikinsa da wasansa. Kafin ka yanke abin da ya dace da shi, tambaye shi. Ku tura wa wani, wataƙila akwai wanda tausayinsa yake korar abokinsa bai sani ba.