Surar Nomau Masunci

A zamanin da, kwalekwalen wani Sarki ya kife a tsakiyar kogi da damina. Sarki bai farfaɗo ba sai a gaɓa, wanda ya fid da shi kuwa ya riga ya tafi. Sai Sarki ya sa aka yi shela, mai wannan alheri ya fito a gode masa.

Mutum biyu suka zo fada: Madugu Tanko, attajiri, da wani masunci wai shi Nomau, wanda maƙwabtansa suka turo shi ala tilas.

Abin ya dami Waziri Jatau, don ba shaida ko ɗaya. Ya yi ta nazari, sannan ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, a kirawo Inna Dije maginiya. Kowannensu ya kwatanta mata yadda yake a gaɓa ran nan, ta gina shi da yumɓu."

Inna Dije ta gina surorin biyu, aka kawo su fada a lulluɓe. Da aka yaye mayafi, ga surar Madugu tsaye ƙyam, ƙirji waje, haɓa sama, yana tallafe da Sarki yana murmushi. Ta Nomau kuwa durƙushe take, kafaɗu sun zube, baki buɗe, goshi a tamuƙe, ga Sarki kwance a gabansa, amma fuska ta juya baya wajen kogi.

Waziri ya daɗe yana duban wuyan nan da ya karkace. Ya ce, "Malam Nomau, me ya sa ka juya wa Sarki ƙeya?"

Nomau ya ce, "Allah ya gafarta Waziri, ban san Sarki ba ne, duk laka ta rufe shi. Su biyu na gani cikin ruwa, ɗaya na iya kamawa. Ɗayan nake nema. Har yau ban daina ganin hannunsa ba."

Waziri ya dubi Madugu. "Kai fa, mutum nawa ka gani?"

Madugu ya yi ta inda-inda. Nan take dogarai suka tuɓe masa rawani, aka kore shi daga ƙasar.

Sarki ya sauko daga karaga, ya kama hannun Nomau da hannu biyu, ya ce, "Na gode, bawan Allah. Wanda kake nema matuƙina ne. Reshen bishiya ya tare shi can gangare, yana nan da ransa."

Aka shigo da matuƙin yana dogara sanda. Nomau ya zube ƙasa, ya ɗaga tafukansa sama, hawaye na zuba, yana ta hamdala.

Sarki ya naɗa Nomau Sarkin Ruwa a ranar. Tun daga nan ba kwalekwalen da ya sake tsallaka kogin da damina sai da masunta biyu a gefensa.