Fuskar Baba Jibo

Akwai wani likita ɗan Gazawa mai suna Harouna, wanda ya dawo gida daga karatu a shekarun da Nijar ta samu 'yancin kai. A lokacin, 'yan ƙasa da suka karanci likitanci sai a ƙirga su da yatsu. Shi kuma ya zaɓi fannin da mutane ba sa son ko ambatonsa: yadda ƙwaya ke kama mutum ta ƙi sakinsa, da ciwon damuwa mai sa ƙaton namiji ya shige ɗaki ya ƙi duniya.

Harouna yana da kai, kuma ya san yana da shi. Rubuce-rubucensa sun fara fitowa a mujallun likitoci na ƙasashen waje, duk wadda ta iso sai ya ɗora ta a kan tebur inda baƙo zai gani. Ni dai ban ga laifinsa ba. Ɗan mai sayar da gyaɗa da sunansa a takardar Turawa, ai dole ya ɗan ɗaga kafaɗa.

Wata rana wata mata mai suna Batulu ta shigo asibitinsa tana riƙe da hannun mijinta, Jibo. Tun daga Sae Sabuwa suka taso, suka wuce asibitocin da ke kusa da su, don kada su haɗu da wanda ya san su.

Jibo tsohon soja ne. Ya yi wa Faransa yaƙi, aka harbe shi a cinya, aka riƙa yi masa allurar kashe zafi har jikinsa ya saba. Da ya dawo gida babu allura, sai ya koma kan ƙwayoyin da ake shigowa da su ta kan iyaka. Daga nan barci ya gudu, abinci ya fita kansa, ya daina zuwa gona.

A garinsu kuwa babu wanda ya sani. Su dai sun san shi ne mutumin da aka zaɓa ya ɗaga sabuwar tuta ranar bikin 'yanci, yara 'yan lakol, wato 'yan makaranta, suna yi masa tafi.

Batulu ta ce, "Lokotoro, na ce ma maƙwabta ciwon ƙahwa ne ya taso mishi. In sunka ji gaskiya, wallahi mutumen ga ba ya sake hita waje. Ka ruhwa muna asiri."

Harouna ya ce, "Inna, abin da aka faɗa a ɗakin nan, a nan zai tsaya."

Ya karɓi Jibo. Ya riƙa rage masa ƙwayar kaɗan-kaɗan, ya haɗa masa da wani sabon maganin damuwa, sannan kullum sai ya zauna da shi a inuwar bishiyar bedi su yi hira. Jibo ya yi rawar jiki, ya yi amai, ya zagi likita har da uwa. Harouna ya haɗiye. Kafin damina ta zagayo, Jibo ya murmure, ya koma gida ya kama hauyarsa.

Tun ranar farko Harouna ya ɗauki hotonsa, ya kuma sake ɗauka bayan ya warke. Duk wanda ya ga hotunan nan biyu ba zai yarda mutum ɗaya ba ne.

Ana nan sai tsohon malaminsa, wani farfesa Bature, ya biyo ta Gazawa a wani rangadi. Ya karanta abin da Harouna ya rubuta kan jinyar Jibo, ya dubi hotunan, ya miƙe tsaye don murna.

Ya ce, "Harouna, wannan ita ce takardar da za ta ɗaga ka. Za a buɗe sashen bincike a babban birni, ana neman ɗan ƙasa ya shugabance shi. Ka buga wannan da hotunan, kujerar taka ce. Amma ba hoto, masu mujallar ba za su yarda ba. Za su ce likitan ƙauye ya yi ƙari."

Harouna ya ce, "Mutumin sananne ne a garinsu."

Farfesa ya yi dariya. "Ai akwai ƙa'ida. Baƙin layi za a ja a kan idanunsa, babu mai gane shi. Haka ake yi ko'ina a duniya."

Harouna ya ɗauki hoton, ya sa yatsa ya rufe idanun. Sai ya ga rufewar ba ta ɓoye komai ba. Jibo Bagobiri ne, tsagar gidansu na nan raɗau daga gefen baki har kusa da kunne, ga kuma tabon yaƙi a haɓarsa. A ƙasar Turawa da ido ake gane mutum. A nan kuwa ko yaro ya ga kuncin nan zai faɗi gidan da ya fito. Mujallar kuma tana zuwa asibitocin ƙasar, inda ma'aikata 'yan yankin ne, tsohuwarta ma wurin mai tsire take ƙarewa.

Amma kujera kujera ce. Zuciyarsa ta ce masa, ai in mai fuskar ya yarda, shi ke nan. Ya shiga mota ya nufi Sae Sabuwa.

Ya tarar da Jibo a ƙofar gida yana gyaran ƙotar hauya. Bayan sun gaisa, ya kwashe komai ya faɗa masa, bai ɓoye ko ɗaya ba.

Jibo ya dubi ƙotar da ke hannunsa. Can ya ce, "Ɗana, kai ka tada ni bayan na mutu. Mi zan hana maka? Ka sa."

Bakinsa ya ce ka sa, amma hannunsa rawa yake yi a kan ƙotar, irin rawar da Harouna ya sha wahala kafin ya raba shi da ita. Batulu da ta kawo ruwa ta ajiye ƙwaryar, ta dubi likita, ta koma ciki.

Kunya ta kama Harouna. Ya gane mutumin da ka yi wa alheri ba ya iya ce maka a'a, kuma shi da kansa ya san haka tun kafin ya taso. Ya zaro hotunan daga aljihu ya ɗora su a cinyar Jibo.

Ya ce, "Baba, fuskarka ce. Ka yafe mini tambayar."

Takardar ta tafi ba hoto, aka dawo masa da ita. Kujerar aka ba wani. Abokan karatunsa suka riƙa cewa Harouna ya yi wauta, ya watsar da gaba saboda wani tsoho ɗan ƙauye. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kada wani ya ce muku bai ji ba. Shekaru suka wuce sunansa bai sake fitowa a wata mujalla ba, yana nan Gazawa yana duba masu zazzaɓi.

Sai dai wani abu ya fara faruwa a hankali. Yau wani tsohon soja zai shigo, ya rage murya ya ce, "Jibo ya turo ni." Gobe wani manomi daga Gangara da ya saba da ƙwayar ƙarfin noma. Jibi wata mata daga tsallaken iyaka wadda tun da ta haihu ba ta yi dariya ba. Jibo ba ya faɗa musu nasa labarin. Abin da kawai yake cewa shi ne, "Je ka wurin lokotoron Gazawa, cikinai rijiya ne."

Mutanen da suka gwammace mutuwa da a ji sirrinsu suka cika masa asibiti. Da Harouna ya koma rubutu, ba labarin mutum ɗaya ya kawo ba, na ɗaruruwa ne, babu suna, babu hoto. Masu mujallar da suka ƙi shi a da su ne suka dawo suna roƙonsa. Takardunsa kan rabuwa da ƙwaya da maganin damuwa suka yi ta fitowa bi da bi, har ɗaliban likitanci suka koma karanta su.

Wata shekara, ranar bikin 'yanci, Jibo ya aika masa cewa lallai ya zo Sae Sabuwa. Filin ya cika da jama'a. Jibo, gemu ya yi fari, ya ja igiya tuta ta hau. Maimakon ya koma wurin zamansa, sai ya cire hula ya fuskanci mutane.

Ya ce, "Jama'a, ku dubi huskar ga da kyau. Ni Jibo na sha ƙwaya har na so in kashe kaina. Wancan yaron ya warkar da ni. An ce mishi ya nuna ma duniya huskata a ba shi babbar kujera, ya ƙiya. Ya ce tawa ce. To tunda tawa ce, yau ni na nuna ta da kaina. Wanda duk ke ɓoye irin ciwona, ya hito, akwai magani."

Batulu ce ta fara rangaɗa guɗa, sauran mata suka amsa. Wasu samari biyu suka sunkuyar da kai, kuma kafin taron ya watse sun je sun tsaya a bayan likita.

Harouna, mutumin da ke jera mujallu a kan tebur don baƙi su gani, hawaye kawai yake sharewa. Daga baya an tambaye shi wace takarda ya fi alfahari da ita a cikin duk waɗanda ya rubuta.

Ya ce, "Wadda ba a buga ba."

Darasi: Sirrin wanda ya amince da kai ba tsanin hawanka ba ne, ko da ya ce ya yarda don jin nauyinka. Ka rufa wa mutum asiri, Allah zai ɗaukaka ka ta hanyar da ba ka zata ba. Kuma shan ƙwaya da ciwon damuwa cuta ce mai magani, ba abin tonon silili ba. Ku tura labarin nan ga 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai mai ɓoye ciwonsa da ke jiran ya karanta shi.