A'i Malam Goma Sha Bakwai

Ƙadri, Allah ya jiƙan shi, mutumin Gidan Amumune ne, ɗan fari a ɗakin Zara'u. Shi kaɗai a unguwarsu ya yi lakkwal, karatun boko, har Yamai, ya dawo da ilimin ordinatar, na'ura mai ƙwaƙwalwa. Yana da kyauta da saurin murmushi, amma yana da aibi guda: ya yarda da na'ura fiye da mutane. Kowace gardama aka kawo, amsarshi ɗaya ce: "Ordinatar ba ta ƙarya."

Damina ta ɗauke tun hatsi bai yi kai ba. Da rani sojoji suka karɓi mulki, aka daina ɓoye cewa ana yunwa. Mata suna jiƙa anza, ƴaƴan itacen daji, kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita. Wata ƙungiyar agaji ta ɗauki Ƙadri aiki a Tasawa, don ya shirya jerin gidajen da za a raba wa hatsi. Masu ƙidaya sun zaga ƙauyuka, sun rubuto sunan kowace mace da na mijinta. Ƙadri ya koya wa ordinatar dabara: duk sunan da ya maimaitu a gari ɗaya, ta bar guda ta share saura. Nan take sunaye ɗari uku da ƴan kai suka ɓace. Shugaban biro, wato ofishin ƙungiyar, Mushe Abdurrahamane, ya dafa kafaɗarshi ya ce, "Ka kama mana ɓarayi."

Saura kwana biyar rabo, wata tsohuwa ta tako da ƙafa daga Kona, ta zauna bakin biro har Ƙadri ya fito ya same ta.

"Ɗana, an karanta takardarku ƙofar mai gari. Aka kira A'i Malam, na miƙe. Mata goma sha shida suka miƙe tare da ni. Aka ce buhu ɗaya ne."

"Inna, mi ne ne sunan mijinki?"

Ta ja mayafi ta rufe baki. "Malam."

"Sunanshi na yanka nike nufi."

"Kai, yaro! A Yamai aka yanke maka cibiya? Ka taɓa jin uwarka ta kama sunan ubanka?"

Ƙadri ya tuna gidansu. Bai taɓa ji ba. Ko nashi sunan ma Zara'u ba ta taɓa faɗi ba, don kunyar ɗan fari; "ɗan lakkwal" take ce mashi. Ya buɗe sunayen da aka share: A'i Malam, Uwa Maigida, Maimuna Alhaji, jere reras. Mata masu kunya ne ya share, su da ƴaƴansu.

Ya shiga wurin shugaba ya faɗi komai. Mushe Abdurrahamane ya ɓata rai.

"Takarda ta riga ta kai teburin prefe mai mulkin yankin nan, kuma ka san soja ne. Yi shiru. In magana ta taso, mu ce na'ura ta yi kuskure."

"Mushe, ba ta yi kuskure ba. Abin da na koya mata ta yi. Ni ne ban san mutanena ba."

"Ka san kwantaraginka ka ke takawa?"

"Na sani."

Ya rubuta wa prefe wasiƙa da hannunshi, ya ɗauki laifin shi kaɗai, ya roƙi kwana huɗu don ya gyara jerin. Prefe ya yi faɗa har masu gadi suka ji, sannan ya ba shi uku.

Ƙadri ya hau kabu-kabu ya bi ƙauyukan. Maza da yawa sun tafi ci rani, wasu suna kushewa, kuma ya ƙi tilasta wa kowace mace karya kunyarta. Sai ya jera matan biyu-biyu, kowace ta faɗi sunan mijin maƙwabciyarta. A Kona, wadda ke kusa da tsohuwa A'i ta ɗaga murya: "Nata Mai Nasara ne, mai kunnen zomo!" Mata suka fashe da dariya, wadda gari ya daɗe bai ji irinta ba.

Ranar rabo, A'i goma sha bakwai suka ɗora buhu goma sha bakwai bisa amalanke. Ƙarshen wata aka sallami Ƙadri. Ya koma gida yana buga wa mutane takardu a kasuwa, bai taɓa kuka da kowa ba. Bazara mai zuwa sanƙarau ya ɗauke shi cikin kwana biyu.

Ranar sadakar bakwai, amalanke uku suka tsaya ƙofar gidan, cike da matan Kona. Tsohuwa A'i ta riƙe hannun Zara'u.

"Mu Mai Ordinatar muke ce mashi. Ƴar'uwa, hwaɗa mana sunanshi, mu sa shi a addu'a."

Zara'u ta buɗe baki. Ta ja mayafi ta rufe. Maƙwabciyarta ce ta ce a hankali, "Ƙadri."

Ya kai mai aiki da na'ura, ka sani kowane layi da ke gabanka gida ne mai murhu da yara. Na'ura ba ta san kunya ba, ba ta san yunwa ba. Abin da ka koya mata shi take yi, don haka kada ka ɓuya bayanta ranar da aka yi ɓarna. Ka san mutanenka kafin ka taɓa sunayensu. In ka yi kuskure, ka ce ni ne, ka tashi ka gyara, ko da aikinka zai tafi.